Digiri, Sana'a da Harshen Gida: Ina Matashin Kano Ya Dosa?

Malamin sakandare, Gwale:
Jama'ar wannan zaure, assalamu alaikum. Maganar da nake so mu tattauna ita ce halin da matashin Kano yake tsintar kansa a ciki bayan ya shafe shekara 6 a firamare, 6 a sakandare, 4 a jami'a, ya ƙara shekara guda ta hidimar ƙasa, sannan ya dawo unguwa ya zauna a majalisa da takardunsa a cikin jaka. Idan aka tayar da wannan magana, yawancinmu sai mu ce babu aiki, mu tsaya a nan. Gaskiya ne aikin ya yi ƙaranci, kuma ba a Kano kaɗai ba, domin Bankin Raya Afirka ya ƙiyasta cewa matasa miliyan 10 zuwa 12 ne suke fitowa neman aiki kowace shekara a wannan nahiya, alhali guraben aikin albashi da ake samarwa ba su wuce kimanin miliyan 3 ba. Amma abin da ya fi damuna ya riga wannan faruwa. Makarantar da muke tura yaranmu tana raba su da abu biyu da suka taso da su, wato sana'ar gidansu da harshen da suke tunani da shi, kuma abin da ta yi alkawarin ba su a madadi ba ya zuwa hannun mafi yawansu.

Kano ba ta saba raba karatu da nema ba. Malaminmu na da yana ba da karatu a soro da safe, da hantsi yana ɗinkin hula ko aikin riga, wani kuma yana bin ayarin fatake zuwa Gwanja sayen goro da littattafansa a cikin gafaka. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, marinar Ƙofar Mata da aikin fata na dukawa duk gado ne da ɗa yake karɓa daga uba ba tare da ya bar allo ba. Ko makarantar da Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909 tana da sashen koyar da sana'o'in hannu. Tsarin karatu na 6-3-3-4 (shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, 4 a jami'a) da aka fara a 1982 ya yi niyyar dawo da wannan, yaro ya taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki a ƙaramar sakandare, amma a makarantu da yawa injinan da aka kawo sun lalace ba a taɓa kunna su ba, saboda babu wuta kuma babu malamin da ya iya su. Abin da ya rage mana shi ne makarantar alli da allo, wadda burinta ɗaya ne, yaro ya ci jarrabawa ya wuce gaba. Wanda bai wuce ba, kuma su ne mafiya yawa, ya fita bai iya rini ba, bai iya Turancin kirki ba, kuma ko wasiƙar Hausa ba zai rubuta daidai ba. Ina neman ra'ayinku, musamman matasan da abin ya shafa.

Matashi mai digiri, Kurna:
Wa alaikumus salam. Malam, ina girmama maganarka, amma ina roƙon a ba ni dama in faɗi yadda take sauka a kunnen irinmu. Tun muna yara iyaye da malamai suke ce mana mu dage da boko, shi ne mafita. Da yawanmu an hana mu zama a shagon gida don kada kasuwa ta ɗauke mana hankali. Mun bi umarni, mun yi karatun a cikin wahala, kuma kowa ya san jami'o'in gwamnati sun tsaya kusan wata 9 a 2020, suka sake tsayawa wata 8 a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, har karatun shekara huɗu ya koma na shida ga mutane da yawa. Mun fito shekaru sun ja, sai mu tarar da tallan aiki yana cewa kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27, kuma ana son wanda ya taɓa aiki. Yanzu kuma su waɗanda suka ce mu bar kasuwa su ne suke cewa laifinmu ne da ba mu koyi sana'a ba.

Abu na biyu, ba na jin ana ce wa 'ya'yan manya su je su koyi ɗinki ko walda. Su gurbi yana jiran su tun kafin su gama, domin mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Nasihar sana'a kullum ɗan talaka ake yi wa, kuma wannan yana sa mu zargin cewa ana so ne mu haƙura da neman haƙƙinmu a ma'aikatun da aka gina da dukiyar kowa. Ba na raina sana'a. Na nemi koyon gyaran injin sanyaya ɗaki, na ga cewa kayan aikin farko da hayar wuri sun fi ƙarfin gidanmu. Alawus ɗin hidimar ƙasa da aka ƙara zuwa naira 77,000 ba ya isa mutum ya ci ya hau mota har ya ajiye jari, balle tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya ninka. Idan za a ce mu koyi sana'a, a haɗa da gaya mana inda jarin zai fito.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Dakata:
Ɗana na Kurna, maganarka tana kan hanya, kuma ina so in ƙara wa Malam wani abu da ya bari. Matasan yanzu ba su ga Kano da muka gani ba. A Bompai da Sharaɗa da Challawa masana'antu ne jere, na saƙa, na jima, na robobi, na alewa, na man gyaɗa, ana aiki dare da rana, wannan rukuni yana tashi wancan yana karɓa. Da yamma idan aka tashi daga aiki, kekuna ne suke cika titi. Mutum mai takardar firamare ko sakandare yana shiga a matsayin lebura, a koya masa inji a ciki, a hankali ya zama shugaban sashe, ya yi aure ya gina gida. Masana'antar ita ce makarantar sana'a ta gaskiya, ba ajin da ake zana inji a allo ba.

Abin ya fara karyewa ne daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi, kayan gyara da sinadaran da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Wuta ta zo ta gaza, kowane kamfani ya koma kan janareta da baƙin mai. Sannan atamfar fasa-ƙwauri ta riƙa kwararowa ta iyakar Nijar a farashin da ko kuɗin zare bai kai ba a wurinmu. Masaƙun Kaduna suka rufe, namu suka bi, manoman auduga na Funtuwa da Gusau suka rasa mai saye. Yau ka shiga wasu layuka a Sharaɗa, ginin yana nan amma ya zama ma'ajiyar kayan da aka shigo da su. Don haka ko kowane yaro a Kano ya iya walda da ɗinki, idan babu wuta kuma babu masana'antar da za ta ɗauki dubbai a lokaci guda, za su taru ne suna rububin kwastoma ɗaya. Matashin da ya kamata ya kasance a gaban inji shi ne yau yake jan adaidaita sahu ta wani yana kai balas kullum, tun bayan da aka hana acaɓa a 2013.

Ɗan kasuwa, Kantin Kwari:
Baba na Dakata, Allah ya ƙara girma. Ba zan musa cewa mafi yawan kayan da muke sayarwa daga China da Indiya suke zuwa ba, kuma mu ma da za a saƙa a nan a farashin da mai saye daga Chadi ko Kamaru zai iya, da mun fi kowa murna. Amma ga ƙanena na Kurna da yake tambayar inda jari zai fito, kasuwa tana da amsa tun da daɗewa. Yaro yana zama a shagon ubangida, ya fara da shara da ɗaukar dila, ya san kaya, ya san mutane, a fara aikensa banki, a fara ba shi kaya bashi ya kai wa 'yan sari, idan amana ta tabbata a sallame shi da jari ko a buɗe masa teburi. Manyan 'yan kasuwa da yawa a Kwari da Singa da Dawanau ta wannan ƙofa suka shigo. Jarinsu na farko amana ce.

Matsalar ta ɓangare biyu ce. Mai digiri sau da yawa yana jin nauyin a gan shi da dila a ka bayan an yi masa walimar gama jami'a, kuma dangi ma ba sa taimaka masa, su ne masu cewa karatun ya tashi a banza. A ɓangarenmu kuma, akwai iyayen gida da suke riƙe yaro shekara goma ko fiye babu maganar sallama, babu rubutu, ranar da aka saɓa a kore shi hannu rabbana. Wannan zalunci ne, kuma shi ya sa yara masu ilimi suke gudun tsarin. 'Yan'uwanmu Inyamurai na Sabon Gari sun fi mu tsare wannan, domin tun ranar da aka kawo yaro ake yanke shekarun da zai yi a gaban iyayensa. Kuma mu muna buƙatar masu karatu ƙwarai. Ina neman wanda zai riƙe mini lissafi a kwamfuta, ya karanta takardun kwastan, ya rubuta wa kamfani saƙo ba tare da an cuce mu ba. Abin baƙin ciki shi ne wasu da suka zo da takarda ba su iya waɗannan ba.

Malamar firamare, Dala:
Alhaji, jimlarka ta ƙarshe ita ce ta sa na shigo, domin amsarta tana ajina. Mai digirin da bai iya rubuta saƙo ba, matsalarsa ta fara ne tun yana ɗan shekara shida. Ku duba yadda abin yake. Yaro ya zo daga gida da Hausa cikakkiya, yana iya ba da labari, yana iya ciniki, yana lissafin canji idan an aike shi, ya san tatsuniya da kacici-kacici. Ranar da ya shiga aji sai a ajiye duk wannan a bakin ƙofa, a rubuta masa jimla a allo da harshen da ba ya ji a gida, ba ya ji a layi, ba ya ji a masallaci. A ajin da yara suka haura ɗari, wasu a ƙasa, malama ba ta da hanyar bin kowa, sai ta karanta su maimaita. Suna maimaitawa da murya mai ƙarfi har mai wucewa ya ɗauka karatu ake yi, amma idan ka nuna wa yaro kalma ɗaya a tsakiyar jimlar ba zai gane ta ba. Haka zai kai aji shida bai iya haɗa baƙi ba a kowane harshe, a tura shi sakandare a hakan, can kuma a fara neman yadda za a taimaka masa ya ci WAEC ko NECO.

Abin da yake ba ni takaici shi ne ba sabon ilimi ake nema ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare. A Ile-Ife, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun gwada koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarbanci tsawon shekara shida, ana koya musu Turanci a matsayin darasi a hannun malamin da ya ƙware, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun ma fi su a wasu darussan. Tanzaniya da Swahili take koyar da firamaren gwamnati. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da tsarin koyarwa da harshen uwa har aji shida, amma har aka soke shi a 2025 mu da muke cikin aji ba mu ga littattafai ko horon da zai sa ya tabbata ba. Hausa kuwa ba ta rasa komai ba: tana da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, an fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ita tun 1939, ana yin digirin digirgir a kanta a Jami'ar Bayero. Abin da muke yi a aji yanzu shi ne mafi muni, domin malama tana fassara darasi da baki zuwa Hausa don yara su gane, amma rubutu da jarrabawa suna nan da Turanci, sai yaro ya tashi bai mallaki ko ɗaya ba.

Ɗalibar kiwon lafiya, Kabuga:
Malama, ina jin tsoron wannan shawara, kuma ina fata za ki yi mini uzuri. Jarrabawar JAMB da Turanci ake yin ta, kuma tun 2015 a kan kwamfuta. Littattafan likitanci da injiniya da shari'a duk da Turanci suke. Masu hali ba za su taɓa cire 'ya'yansu daga makarantun kuɗi da ake magana da Turanci tun daga rainon yara ba. Idan aka mayar da makarantar gwamnati ta Hausa, ina gudun a samu al'umma kashi biyu, 'ya'yan masu kuɗi su tafi jami'a, 'ya'yan talakawa a ce musu ai an kare musu al'ada. Mu mata abin ya fi shafar mu, domin yarinya da yawa ba ta da damar sake jarrabawa sau biyu ko uku. Idan ta faɗi a karon farko, maganar aure ce take biyo baya, karatun ya tsaya. Kuma kowa a zauren nan yana son idan ya kai matarsa ko mahaifiyarsa asibiti ya tarar da likita mace ko ungozoma da za ta duba ta. Waɗannan matan ba za su samu ba sai yaran talakawa sun iya harshen da ake karatun da shi.

Malamar firamare, Dala:
'Yata, tsoronki yana da tushe, amma al'umma kashi biyun da kike gudu ita ce muke ciki yau, ba wadda za ta zo ba. Ban ce a cire Turanci ba, kuma duk wanda ya ce a cire shi ba ya son ɗan talaka. Abin da nake cewa shi ne haɗa baƙi fasaha ce da ake koyo sau ɗaya, kuma yaro ya fi saurin kama ta da kalmomin da ya riga ya san ma'anarsu. Wanda ya iya karanta Hausa a aji biyu, idan aka kawo masa Turanci abu ɗaya ne ya rage masa, wato harshen. Wanda bai iya ba, abu biyu yake kokawa da su a lokaci guda, harshe da karatu, kuma yawanci duka biyun suke kayar da shi. Sharaɗin shi ne a samu malamin Turanci na gaske tun daga aji ɗaya. Idan ba za a samar da shi ba, to ina tare da ke, tsarin zai cuci yara.

Alaramma, Ƙofar Na'isa:
Assalamu alaikum. Na ga ana ta magana a kan matashin da ya yi boko bai samu aiki ba, ina so a tuna da wanda ko a lissafin ba a sa shi. Yaro ya shafe shekaru a tsangaya, ya sauke, ya haddace, wani ma ya rubuta Alƙur'ani da ka daga farko zuwa ƙarshe, yana rubuta wasiƙa da ajami, amma ranar da ya je neman aikin gadi sai a rubuta cewa bai yi karatu ba. Babu takardar da za ta shaide shi. Ko ajamin da yake jikin kuɗi, wanda da shi mutanenmu da yawa suke karanta adadin naira, an cire shi daga ƙananan takardu a 2007. Yaron da ya ga haka, me zai ɗauka game da matsayin iliminsa da na iyayensa a ƙasarsa?

Ba na kare bara. Bara ba karatu ba ce, kuma uban da ya kawo ɗan shekara biyar birni ya ajiye ba guzuri ba ziyara, zai amsa tambaya a gaban Allah. A da almajiri yana noma gonar malaminsa da damina, gari yana ciyar da shi, idan ya girma ya kama ɗinki ko fatauci. Da aka bar ƙauye aka taru a birni, gonar ta tafi, kwanon ya rage. Gwamnatoci sun taɓa abin ta gefe. A zamanin Shugaba Jonathan an gina makarantun tsangaya na zamani fiye da 150, da yawansu ba a ci gaba da kula da su ba. A 2020 lokacin annobar korona an kwashi yara a motoci ana mayar da su jihohinsu, ba a daɗe ba suka dawo. A 2023 an kafa hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Abin da muke nema ba shi da wuya: a zauna da alarammomi kafin a yanke hukunci a kansu, a kawo malamin lissafi da karatun boko cikin tsangaya a lokacin da bai ci karo da karatun allo ba, a yi wa mahaddaci jarrabawa a ba shi shaidar da za ta buɗe masa ƙofar gaba. Kano ta taɓa yin irin wannan haɗi, domin makarantar shari'a da aka buɗe a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci, ta fitar da alƙalai da malamai da suka riƙe ƙasar nan.

Mai gyaran waya, Farm Centre:
Allah ya gafarta Malam, maganar shaida ta shafe mu mu ma. A kasuwarmu akwai tsofaffin almajirai, akwai masu difloma, akwai masu digiri, duk a teburi ɗaya, kuma allon waya ba ya tambayar takardar kowa. Mafi yawanmu a wurin wani muka koya, sauran kuma daga bidiyon intanet, wasu da harsunan da ba ma ji, muna kallon hannun mai gyaran kawai. Amma wanda ya shekara goma yana wannan aiki ba shi da wata takarda da banki ko kamfani zai karɓa. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa da ke Kaduna tana da tsarin gwada mai sana'a a ba shi shaidar ƙwarewa, sai dai kaɗan ne a cikinmu suka san da shi.

Game da al'ada kuma, ni wayoyin matasa suke biyowa ta hannuna, kuma ban yarda cewa Hausa tana mutuwa ba. Ba a taɓa rubuta Hausa da yawa kamar yanzu ba, a Facebook da WhatsApp da TikTok, har mata suna rubuta littafi sukutum a waya suna sayarwa. Abin da ya raunana shi ne ingancin rubutun da kuma abin da ake ɗauka a matsayin nasara. Yaro yana kallon sa'ansa a wata ƙasa da mota da gida, ba ya ganin yadda aka samu, sai zaman koyon aiki na shekara uku ya zame masa kamar ɓata lokaci. Daga nan ne ake samun masu kwana suna danna waya da fatan kuɗin kirifto, da masu sayar da gadonsu su bi ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya, da 'yan matan da dillalai suke yi wa alkawarin aikatau a ƙasashen Larabawa. Wanda bai samu ko ɗaya ba, wani lokaci ƙwaya ce take karɓarsa, kuma hana maganin tari mai kodin da aka yi a 2018 bai kawo ƙarshen abin ba, an koma wasu kayan ne. Mu da ake kawo wa wayoyin da ba mu yarda da asalinsu ba muna mayarwa, mun san yadda ƙwacen waya ya yi yawa a unguwanni.

Malamin sakandare, Gwale:
Na gode wa kowa. Baba na Dakata ya ƙara abin da ya wajaba a ƙara, domin sana'a ba ta tsayawa inda babu wuta. Amma ɗana na Kurna, ina so ka bambance abu biyu. Neman a yi adalci wajen ɗaukar aiki haƙƙinka ne, kada ka bar shi, kuma mu ma da muke cikin aikin gwamnati wajibinmu ne mu faɗa. Sai dai ko an raba guraben aikin gwamnati da adalci tsantsa, ba za su ɗauki ko kashi ɗaya cikin goma na masu nema ba, kuma wannan ne ya sa nake cewa gyaran ya koma firamare da ƙaramar sakandare. Kano ta nuna tana iyawa idan ta yi niyya: makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a 1977 sun fitar da likitoci da injiniyoyi daga gidajen talakawa, saboda an zaɓi malamai, an ba su kayan aiki, an sa ido. Dokar ta-ɓaci a kan ilimi da gwamnatin jiha ta ayyana a 2024 za a auna ta ne da yawan yaran aji uku da suke iya karanta shafi guda su faɗi abin da ya ƙunsa, ba da yawan ginin da aka yi wa fenti ba.

Matashi mai digiri, Kurna:
Malam, na ji, amma gyaran firamare zai amfani ƙannenmu ne, mu kuma da muka riga muka fito muna nan. Don haka zan mayar da tambayata ga Alhaji na Kwari. Ka ce kuna buƙatar mai riƙe lissafi da rubuta saƙo, kuma ka ce rashin rubutu ne yake sa a cuci yara. Idan irina ya zo, ya yarda zai ɗauki dila kamar kowa, za a rubuta yarjejeniya? Shekara nawa, me za a riƙa ba shi kafin sallama, kuma wa zai tsaya masa idan aka saɓa?

Ɗan kasuwa, Kantin Kwari:
Ƙanena, ba zan yi magana da bakin kasuwa gaba ɗaya ba, amma ga yadda nake ganin ya dace, kuma a kan haka zan karɓi mutum. A zauna da mahaifinka ko wanda yake tsaye a matsayinsa, da shaidu biyu, ɗaya daga ɓangarenku ɗaya daga shugabannin layinmu. A rubuta da Hausa, kowa ya karanta ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Wata uku na farko gwaji ne, kowa yana da damar janyewa ba tare da rigima ba. Bayan haka shekara uku ga wanda ya zo da ilimin lissafi da kwamfuta, domin aikinsa ya fi na yaron da za a fara koya wa ƙirga yadi. A rubuta kuɗin abinci da na mota na kullum, a rubuta cewa za a duba su duk shekara saboda tsadar rayuwa. Sallama kuma a ambace ta da adadin dilar kaya, ba da naira ba, don kada faɗuwar kuɗi ta cinye ta kafin lokacin ya zo. Idan an saɓa, shaidun nan ne za su fara zama, idan ya gagara a je gaban shugabannin kasuwa. Ka nuna wa mahaifinka waɗannan sharuɗɗa, idan ya amince ka yi mini magana ta akwatin sirri mu sa ranar zama.